Matar da toshewar jini ta raba da mafarki

A shekarar 2004 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu na ƙasar Suwizalan, Matthias Bischof da Claudio Bassetti, suka wallafa rahoton wata majinyaciya tasu a mujallar Annals of Neurology. Rahoton gajere ne, shafi huɗu kacal, kuma mace ɗaya tak ya shafa. Tsohuwa ce mai shekara 73, wadda jini ya toshe a jijiyoyin da ke shayar da bayan ƙwaƙwalwarta, dama da hagu lokaci guda. Dangin ciwon nan ne da muke kira shanyewar ɓarin jiki, sai dai illarsa tana bin wurin da jinin ya yanke. Bayan ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke wajen ƙeya, nan ne mazaunin gani. Saboda haka abin da ya fi taɓuwa a wurinta ganinta ne, kuma wannan bai ba kowa mamaki ba. Cikin 'yan kwanaki matsalolin ganin suka lafa.

Sai kuma wani abu ya ɓullo wanda ba kasafai majinyaci yake kai ƙararsa wurin likita ba. Matar ta ce ta daina mafarki. Kafin ciwon, a cewarta, takan tashi da mafarki sau 3 ko 4 a mako. Yanzu kuwa kwanciya take yi, ta farka da safe, tsakanin nan babu komai. Ba ta kuka da rashin barci, ba ta kuka da gyangyaɗin rana. Mafarkin ne kawai ya ɗauke ɗif, kuma haka ya zauna fiye da wata 3.

Wani likitan zai rubuta wannan a gefen takarda ya wuce, tunda ga tsohuwa ta tsallake rijiya da baya, wa yake ta mafarki? Bischof da Bassetti ba su wuce ba. Suka yi mata gwaje-gwajen tunani da na riƙe abu a ka da na mayar da hankali, ba su sami wata tawaya da za ta bayyana lamarin ba. Hoton cikin ƙwaƙwalwa da aka ɗauka da na'urar MRI ya nuna tabon ciwon a can cikin sashen ƙeya ta ɓangarorin biyu, har da wani lanƙwashe na ƙasan ɓangaren dama wanda likitoci suke kira lingual gyrus. An san wannan yanki da aikin sarrafa abin da ido ya kawo, musamman gane wurare da alamomin hanya.

Daga nan suka kai ta ɗakin gwajin barci, suka maimaita gwajin cikin kimanin mako 6. Yadda ake yi shi ne a manna wa mutum wayoyi a fatar kai domin auna lantarkin ƙwaƙwalwa, wasu a gefen idanu domin kama motsinsu, wasu a haɓa domin auna ƙarfin tsoka, sannan a bar shi ya kwana. Abin da na'urar ta zana game da wannan mata barcin mai lafiya ne. Tana shiga barci marar nauyi, ta nutsa cikin mai nauyi, ta fito ta shiga matakin da idanu suke wulƙitawa a ƙarƙashin fata, wanda ake kira barcin REM. Likitocin suka riƙa tashinta daidai tsakiyar wannan mataki, lokacin da mafi yawan mutane za su ce "ai mafarki nake yi". Duk sanda aka tashe ta amsarta ɗaya ce: babu abin da take gani.

Abin da aka ɗauka an gama sani

Nauyin wannan sakamako ba zai fito ba sai an koma shekara hamsin baya. A ƙarshen 1951 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky, ya manna wa ɗansa mai shekara 8 wayoyin wata tsohuwar na'ura ya zauna yana kallon alƙalamanta. Can cikin dare alƙalaman da ke bin idanu suka hau rawa kamar yaron ya farka yana dube-dube. Ya je ya duba, ya tarar yaro yana sharar barcinsa. A watan Satumban 1953 shi da malaminsa Nathaniel Kleitman suka wallafa abin da suka gano a mujallar Science. Cikin tashi 27 da suka yi wa mutane a lokacin motsin ido, sau 20 an ba su labarin mafarki filla-filla. Cikin tashi 23 a lokacin da ido yake tsaye, sau 19 ba a tuna komai ba. A 1957 William Dement da Kleitman suka sake gwajin da yawa, suka sami kusan kashi 80 cikin 100 a barcin REM, kashi 7 kacal a sauran barcin.

Duniyar masana ta karɓi wannan hannu bibbiyu. Mafarki, abin da tun fil azal ba a da hanyar kama shi sai ta bakin mai shi, ga shi yanzu ya sami alama a takarda. Aka gano barcin REM yana zagayowa kusan duk minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare, yana tsawaita yayin da asuba take ƙaratowa, kuma yana cin kashi 20 zuwa 25 na barcin baligi. Jariri sabon haihuwa kuwa kusan rabin barcinsa ke nan. A hankali kalmomin biyu suka zama ɗaya a littattafan karatu: barcin REM shi ne barcin mafarki, shi ke nan.

A birnin Liyon na Faransa, Michel Jouvet ya bi sawun abin a jikin kyanwoyi. A 1959 ya nuna cewa a wannan mataki tsokokin jiki suna saki gaba ɗaya alhali ƙwaƙwalwa tana aiki kamar ta mai farke. Sannan ya gano makunnin yana can ƙasa, a kututturen ƙwaƙwalwa, wani wuri da ake kira fons. A 1965 ya lalata wani ɗan yanki a nan wanda yake ɗaure tsokoki, sai ga kyanwoyi suna miƙewa cikin barci, suna sanɗa, suna kai cafka ga abin da babu. Wannan ɗaurin tsoka shi ne ke hana mu aikata abin da muke gani a mafarki. Shi ne kuma asalin dannau a ilimin likita: mutum ya farka, hankali ya dawo, amma ɗaurin bai saki ba tukuna, sai ya ji an danne masa ƙirji, ya kasa motsi, ya kasa kira.

A kan wannan tushe Allan Hobson da Robert McCarley na Jami'ar Harvard suka gina bayaninsu a 1977. Suka ce fons ne yake harba saƙonni barkatai zuwa sama yayin barcin REM, ita kuma babbar ƙwaƙwalwa sai ta yi ta ƙoƙarin ɗinka labari daga wannan hayaniya. Sinadarai ma sun goyi bayansu: a wannan mataki asetilkolin yana hawa, noradirenalin da serotonin suna faɗuwa ƙasa warwas. Hotunan ƙwaƙwalwa da Pierre Maquet ya ɗauka a Beljiyam a 1996, da na Allen Braun a Amurka a 1997, sun ƙara haske: amigdala, cibiyar tsoro da motsin rai, tana ci bal-bal, yayin da sashen goshi mai auna magana da tsara tunani yake lafawa. Shi ya sa a mafarki za ka ga kakarka da ta rasu tana tuƙa mota a cikin ajinku na firamare, kuma ko kaɗan ba za ka ce "anya?" ba.

Bayanin Hobson ya yi farin jini, wani ɓangare saboda ya kayar da masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud, wanda tun 1900 yake cewa mafarki biyan buƙatar zuciya ne a ɓoye. Idan fons ne uban tafiya, ai babu wata buƙata ko sha'awa a ciki, domin fons ba ya tunani.

Inda ginin ya fara tsagewa

Tun 1962 David Foulkes ya lura cewa amsar da ake samu tana bin yadda aka yi tambaya. Idan ka tashi mutum ka ce "mafarki kake yi?" zai iya cewa a'a. Idan ka ce "me yake ratsa zuciyarka kafin in tashe ka?" sai labari ya fito. Da wannan salon tambaya, fiye da rabin waɗanda aka tasa daga barcin da ba na REM ba sun kawo wani abu, wani tunani ne kawai, wani kuwa mafarki ne sosai mai hoto da labari.

Akwai kuma tsofaffin rahotanni da aka bari suna shan ƙura. A 1883 likita Jean-Martin Charcot na Faris ya ba da labarin wani ɗan kasuwa mai ilimi wanda a da yake da baiwar hango abu a zuci kamar yana gabansa. Rana ɗaya baiwar ta tafi. Ya kasa kawo fuskar matarsa da ta 'ya'yansa a rai, kuma mafarkinsa ya koma magana zalla babu hoto. A 1887 Hermann Wilbrand, likitan ido a Hambug ta Jamus, ya kawo labarin wata tsohuwa da ciwo ya taɓa mata bayan ƙwaƙwalwa ta ɓangarorin biyu, wadda mafarkinta ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Daga sunayen mutanen nan biyu aka raɗa wa larurar suna, ciwon Charcot da Wilbrand. Amma a zamaninsu babu na'urar barci, babu hoton ƙwaƙwalwar mai rai, don haka babu mai iya cewa barcin majinyatan ne ya lalace ko mafarkin kaɗai.

Wanda ya ɗauki abin da gaske shi ne Mark Solms na Afirka ta Kudu. Ya bi majinyata 361 masu larurorin ƙwaƙwalwa yana tambayarsu game da mafarkinsu, ya fitar da sakamakon a 1997. Abin da ya samu ya juya lissafin Hobson. Masu rauni a kututturen ƙwaƙwalwa, inda makunnin REM yake, galibinsu suna ci gaba da mafarki. Waɗanda suka daina kuwa rauninsu yana sama, a ɗayan wurare biyu: mahaɗar da ke bayan kunne zuwa ƙeya inda gani da ji da sanin wuri suke haɗuwa, ko kuma wasu zaruruwa a can ƙasan sashen goshi waɗanda suke ɗauke da sinadarin dofamin, mai tura mutum neman abin da yake so. Ya kuma tono rahotannin zamanin da ake yanka waɗannan zaruruwa da sunan maganin tabin hankali, ya tarar da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin sun daina mafarki.

Raunin aikin Solms shi ne mafi yawansa tambaya ce da amsa. Abin da rahoton Suwizalan ya ƙara shi ne haɗa abubuwa uku a jikin mutum ɗaya: hoton da ya nuna iyakar tabon, gwajin da ya nuna sauran tunani lafiya lau, da na'urar da ta nuna barcin REM yana nan daram. Su kansu marubutan sun ce wannan ne karo na farko da aka auna duka ukun a wannan larura. Lamarin kamar gidan da janareta yake ruri, wuta tana zuwa kowane ɗaki, amma talabijin ya ƙone. Ƙarar janareta ba ta nuna ana kallo a ciki. Barcin REM yanayi ne da ya fi dacewa da mafarki, amma mafarkin kansa a wani wuri ake haɗa shi.

To idan mantawa take yi fa?

Wannan ita ce tambayar da duk mai hankali zai yi, kuma ba ƙaramar tambaya ba ce. Babu wanda ya taɓa ganin mafarkin wani. Abin da mai bincike yake da shi labari ne da aka ba shi bayan farkawa. Idan mutum ya ce bai yi mafarki ba, ta yiwu bai yi ba, ta yiwu kuma ya yi ya zube kafin ya buɗe baki.

Akwai hujja mai ƙarfi a wannan ɓangare. A 2015 ƙungiyar Isabelle Arnulf a asibitin Pitié-Salpêtrière na Faris ta duba masu wata larura da ɗaurin tsokar nan yake kwancewa, irin abin da ya sami kyanwoyin Jouvet. Masu ita suna naushi da shuri da surutu cikin barci. A cikinsu an sami 'yan kaɗan da suka rantse sun shekara da shekaru ba su yi mafarki ba, wasu ma suka ce tunda aka haife su. Amma kyamara ta ɗauke su cikin barcin REM suna gardama, suna faɗa, suna zagi, daidai da sauran. Da wuya a ce mutumin da yake kai wa iska naushi yana zagi babu abin da yake gani. Ke nan "ba na mafarki" ba koyaushe take nufin babu mafarkin ba.

Duk da haka ina ganin lamarin matar Suwizalan ya tsaya da ƙafarsa. Ba mai mantuwa ba ce tun asali, mace ce da ta saba tashi da mafarki sau da yawa a mako, abin ya yanke daidai da ciwon. Gwajin riƙe abu a ka bai nuna tawaya ba. Tabon ba a hifokamfus yake ba, wato ma'ajiyar sababbin abubuwan tunawa. Kuma ba da safe aka tambaye ta ba, a'a, a tsakiyar barcin REM aka tashe ta, lokacin da mafarki yake da ɗumi. Idan har mantuwa ce, to mantuwa ce ta musamman wadda ta zaɓi mafarki kaɗai ta bar komai, kuma wannan ma zai buƙaci nasa bayanin.

Shekara 13 bayan rahoton, wata hujja ta zo daga wata hanya daban. A 2017 Francesca Siclari, tana aiki tare da Giulio Tononi a Jami'ar Wisconsin, ta sa wa masu lafiya hula mai wayoyi 256, aka riƙa tashinsu cikin dare fiye da sau 1,000 jimla ana tambayarsu. Suka gano cewa abin da yake raba "ina mafarki" da "babu komai" ba matakin barci ba ne. Wani yanki ne a bayan ƙwaƙwalwa: idan igiyoyin lantarki masu tafiya a hankali suka ragu a wurin, mutum zai kawo mafarki, ko a REM yake ko ba a REM ba. Idan suka yawaita, zai ce babu komai, ko da a tsakiyar REM ne. Har suka riƙa kallon na'ura suna faɗin amsar kafin a tashi mutum, suna dacewa kusan sau 87 cikin 100. Waɗanda suka ce "na yi mafarki amma ya ɓace mini" kuwa, yankin nasu ya nuna alamar masu mafarki. Wannan yanki da yankin da ciwon matar ya ci unguwa ɗaya ce, duk da ba za a ce gida ɗaya ba ne.

Me mafarki yake yi mana, idan ana iya rayuwa babu shi?

A nan lamarin ya fi ba da wahala, domin kusan kowane bayani na amfanin mafarki sai ya tsaya gaban wannan tsohuwa ya amsa tambaya.

Bayanin da ya fi yawan magoya baya shi ne na adana karatu. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin hifokamfus na ɓera, waɗanda suka yi aiki tare lokacin da yake yawo a wani fili, suna sake harbawa tare idan ya yi barci. A 2000 Robert Stickgold ya sa mutane buga Tetris, wasan kwamfuta na jera tubalan da ke saukowa, da yawansu suka ce suna ganin tubalan suna saukowa yayin da barci yake ɗaukarsu. Abin mamakin shi ne har da 3 daga cikin mutum 5 masu lalataccen hifokamfus, waɗanda ba su ma tuna sun buga wasan ba. A 2010 Erin Wamsley ta koya wa mutum 99 bin wata hanya mai sarƙaƙiya a kwamfuta. Waɗanda suka yi barcin rana suka kuma yi mafarkin hanyar sun fi sauran ci gaba nesa ba kusa ba. Sai dai su 4 ne kacal, adadin da ba a cika faɗa ba idan ana yayata binciken. Kuma ko da sun kai ɗari, abin da aka nuna shi ne mafarki da koyo suna tafiya tare. Ta yiwu ƙwaƙwalwa tana aikin adanawa a ɓoye, mafarki kuwa ɗan abin da yake tsallakowa ne zuwa sani. Matar Suwizalan ta yi wata 3 babu shi, gwaji bai kama wata ɓaraka a tunaninta ba.

Shi kansa barcin REM bai tsira daga irin wannan tambaya ba. A 1984 Peretz Lavie na Haifa ya ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 33 wanda ɓarɓashin bam ya shiga masa fons tun yana ɗan shekara 20. Da aka auna barcinsa, REM ɗinsa kusan babu. Mutumin ya yi karatu bayan raunin har ya zama lauya. An sake auna shi, aka wallafa a 2018, yana da shekara 68: har yanzu REM kusan babu, hankali kuma garau. Wasu tsofaffin magungunan ciwon damuwa ma suna danne REM na tsawon watanni ba tare da masu shan su sun rikice ba.

Bayani na biyu na motsin rai ne. Rosalind Cartwright ta Shikago ta bi mutanen da aurensu ya mutu suka shiga damuwa, ta lura cewa waɗanda tsohon miji ko tsohuwar mata suke shigowa mafarkinsu da zafi sun fi saurin farfaɗowa daga baya. Antti Revonsuo na ƙasar Finlan kuwa a 2000 ya ce mafarki filin atisaye ne: kakanninmu da suke kwana suna gudun zaki a mafarki sun fi iya gudunsa da rana, shi ya sa kora da faɗuwa da faɗa suka cika mafarkin ɗan Adam. Waɗannan bayanai biyu matar ba ta kayar da su ba, domin amfanin da suke da'awa ba irin wanda gwajin asibiti na awa ɗaya yake kamawa ba ne. Amma wannan kariya ita ce kuma rauninsu: abin da ba a iya aunawa da wuya a tabbatar da shi.

Akwai wani bayani na baya-bayan nan da ya shafi yankinta kai tsaye. A 2021 David Eagleman da Don Vaughn suka ce sashen gani yana cikin haɗarin mamaya duk dare. An nuna cewa idan aka ɗaure wa mai gani idanu na kwana 5, sashen ganinsa yakan fara amsa taɓawa da sauti. Don haka, in ji su, ƙwaƙwalwa take kunna sashen lokaci-lokaci cikin duhu domin kada maƙwabta su ƙwace shi, mafarki kuwa shi ne abin da muke ji idan an kunna. Dabara ce mai daɗin ji, kuma ta yi daidai da cewa mafarki a bayan ƙwaƙwalwa ake haɗa shi. Amma hasashe ne har yanzu, kuma bai faɗi dalilin da ya sa mafarki yake zuwa da labari da mutane da tsoro ba, maimakon walƙiyar launuka kawai.

Mai karatu Musulmi zai tuna hadisin Abu Huraira da ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake zantawa da zuciyarsa. Ɗakin gwajin barci ba shi da ma'aunin da zai faɗi inda wani mafarki ya fito ko abin da yake nufi, kuma masu aikin kirki a fannin ba sa da'awar haka. Abin da suke aunawa shi ne kayan aikin da mafarki yake bi ta cikinsu, kamar yadda likitan ido yake auna ido ba tare da ya yi hukunci a kan abin da aka gani ba. Binciken Tetris da na Cartwright dai sun zauna daram a kashi na uku.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan abin da ake rubutawa da sunan "amfanin mafarki" amfanin barci ne aka sa masa rigar mafarki. Hujjar cewa barci yana gyara tunani da lafiya tana da yawa kuma tana da ƙarfi. Hujjar cewa ganin hotunan da kansa, wato kasancewarka a cikin labarin kana gudu kana jin tsoro, shi ne yake yin aikin, siririya ce ƙwarai. Kafin a raba biyun sai an sami mutanen da suke barci cikakke babu mafarki, a bi su tsawon lokaci, a gwada koyonsu na dare ɗaya da yadda suke hucewa daga baƙin ciki, a kwatanta da masu irin tabonsu da ba su rasa mafarki ba. Ba a yi wa matar Suwizalan irin wannan gwaji mai zurfi ba, kuma mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kan 'yan Adam duka. Wata 3 ma ba wani dogon zango ba ne.

Irin waɗannan majinyata kuwa wataƙila ba su yi ƙarancin da ake zato ba. Solms ya sami da dama ne kawai saboda ya yi tambayar da sauran likitoci ba sa yi. A asibitocin da hawan jini yake cika gadaje da masu shanyewar jiki, likita yana fama da ceton hannu da ƙafa da harshe, majinyaci kuma ba zai ga dalilin ambaton mafarki ba. Wani abin lura ga iyali ma shi ne, toshewar jini a bayan ƙwaƙwalwa tana iya zuwa ba tare da karkacewar baki ko mutuwar hannu ba. Gani ne kawai zai dushe farat ɗaya, ko rabin abin da ke gaban mutum ya ɓace, a yi ta neman maganin ido alhali asibiti ya kamata a garzaya.

Ita dai matar, mafarkinta ya dawo daga baya, amma bai dawo yadda yake ba. Shekara guda bayan ciwon ta shaida wa likitocin cewa takan yi jefi-jefi, bai wuce sau ɗaya a mako ba, kuma ba shi da haske da ƙarfin na da.